Sarauniya Mangu: Macen da ta tari sojan Faransa a Lugu

Tun kafin jarumai mata su cika allon talabijin, ƙasar Arewa, wadda ta miƙe daga Dogon Dutsi zuwa masarautar Argungu, ta yi tata jarumar.

A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso Lugu tana ƙone garuruwa. Inda wasu suka miƙa wuya, Sarauniya Mangu, shugabar Azna, ta tsayar da maharbanta. Da bindiga ta rinjayi kibiya, sai ta janye mutanenta cikin kurmi, ba ta shiga hannu ba.

Bayan wata uku sojojin hafsoshin biyu suka kashe su, jama'a suka ce asirinta ne. A 1986 Med Hondo ya mayar da tarihinta fim.