Leo Fender: mai gyaran rediyon da ya ba gitar lantarki murya

Sunan Fender yana rubuce a kan miliyoyin gitoci da akwatunan ampli a duniya, amma mai sunan bai taɓa koyon kaɗa gita ba. Mai gyaran rediyo ne, irin waɗanda muke gani a bakin kasuwa da tarin wayoyi a gabansu.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga watan Agusta na 1909 a jahar Kaliforniya ta Amurka, inda iyayensa ke da gonar lemu. Yana ɗan shekara takwas ciwo ya sa aka cire masa idon hagu. Sha'awar lantarki kuwa ta kama shi ne a shagon wani kawunsa mai gyaran wutar motoci, wanda ya haɗa rediyo da hannunsa. Duk da haka lissafin kuɗi ya karanta, ya yi aikin akawu har lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, aiki ya kuɓuce masa. A 1938 ya ranci dala 600, shi da matarsa Esther suka koma garin Fullerton, ya buɗe shagon gyaran rediyo.

Makaɗan yankin suka fara kawo masa amplinsu gyara, wasu kuma suna hayar lasifikokin da ya haɗa don wuraren rawa. Kukansu ɗaya ne: ganguna da ƙahonin busa suna danne gita, ba a jin ta. Rashin ido ya sa ba a ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu ba, sai ya zauna yana gwaje-gwaje. Ya yi haɗin gwiwa da wani makaɗi, Doc Kauffman, suka rabu a 1946, ya ci gaba da kamfanin da sunansa. A 1950 ya fitar da gita mai gangar jiki ta katako zalla, wadda aka sa wa suna Telecaster daga baya. Precision Bass ta biyo a 1951, Stratocaster a 1954.

Gitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya. Ƙarƙashin tsarkiyoyinta akwai maganaɗisu naɗe da siririyar waya, shi ke mai da girgizar tsarkiya ƴar wuta maras ƙarfi. Ampli ke ɗaukar wannan wuta ya girmama ta. A zamanin Fender ana yin haka da ƴan kwalabe na gilashi masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda ke zafi suna ja idan an kunna. Ƙananan kwalabe na gaba su ke fara ɗaga sautin, ya ratsa maɓallan da ke daidaita kauri da tsakiya da kaifi, sannan manyan kwalabe su tura shi cikin lasifika.

Abin da Fender yake nema shi ne sauti garau, mai ƙarfi, babu dishi. Abokan cinikinsa na farko makaɗan waƙoƙin karkarar Amurka ne, masu son a ji kowace tsarkiya tangaran. Sai dai kwalba tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Idan aka murɗa maɓalli aka tura mata fiye da ƙarfinta, ba ta yankewa farat ɗaya, a hankali take danne sautin, ya yi kauri, ya yi gurnani, ya daɗe yana amo bayan an saki tsarkiya. A idon mai gyara wannan aibi ne. Makaɗan bulus da na rok kuwa suka ji abin da suke so ke nan: in sun taɓa tsarkiya a hankali sautin ya fito tas, in sun doke ta ya yi ruri.

Amplin da ya fi shahara da wannan hali shi ne Bassman na ƙarshen shekarun 1950, mai lasifika huɗu na inci 10 da ƙarfin wat 40 da ɗoriya. Don masu bas aka ƙera shi, masu gita suka ƙwace. A 1962 wani mai kantin kayan kiɗa a Landan, Jim Marshall, da ma'aikatansa suka kwaikwayi tsarinsa suka fitar da JTM45. Sun sa wata kwalbar gaba mai ɗaga sauti fiye da ta Fender, suka rufe lasifikoki na inci 12 cikin akwati, sai gurnanin ya ƙaru. Da gitar Stratocaster da manyan amplin Marshall ne Jimi Hendrix ya girgiza duniya a ƙarshen shekarun 1960.

Shi Fender bai bar hanyarsa ba. Makaɗi Dick Dale ya sha ƙona masa ampli saboda tsananin ƙara, sai ya ƙera masa Showman mai juriya. A 1963 Twin Reverb ya fito da manyan kwalabe huɗu da wat 85, an rage masa sautin tsakiya, yana iya cika babban zaure bai dushe ba. Har yau masu gita na raba muryoyin ampli gida biyu: ta Amurka mai haske da faɗi, da ta Ingila mai kaurin tsakiya da saurin gurnani. Duka biyun daga teburinsa suka taso.

A waɗannan tsofaffin ampli, mai son gurnani dole ya ƙure ƙara har kunne ya yi zafi. Sai a shekarun 1970 aka yawaita raba aikin biyu: maɓalli ɗaya na yawan wutar da ake ɗura wa kwalaben gaba, wani na ƙarar da ke fita. Wanda ya ɗaga na farko ya sauke na biyu zai samu gurnani ko cikin ɗaki. In ya wuce gona da iri kuwa, tsarkiyoyi su cakuɗe, a daina bambanta su.

Rashin lafiya ya sa Fender ya sayar wa CBS kamfaninsa a Janairun 1965 kan dala miliyan 13. Da ya murmure ya koma aiki, ya ƙera kaya wa Music Man, sannan shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L. Makaɗa yake miƙa wa sabon abu su gwada, ya saurari ƙorafinsu, ya gyara. Cutar Parkinson ta kama shi, amma bai daina zuwa shago ba har ya mutu a Fullerton ranar 21 ga Maris na 1991, yana da shekara 81.

Aikinsa ya iso har Nijar. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, bahago ne kamar Hendrix, kuma Stratocaster yake rataye da ita a dandalin ƙasashen duniya.