Annabi Isma'il: Sunan da ke cewa Allah yana ji

Da wuya ka zaga unguwa ɗaya a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ba ka ci karo da mai suna Sama'ila ba. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka san abin da sunan ke nufi? Da yawa ma mun ɗauka Larabci ne tsantsa.

Asalinsa a Ibrananci Yishma'el ne, kuma kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko tana nufin ji ko saurare, 'yar uwar sami'a ce ta Larabci, tushen sunan Allah As-Sami'u. Ta biyu, El, tana nufin Allah, ita ce kuma muke ji a ƙarshen Jibrilu da Mika'ilu. Ma'anar dai ita ce Allah yana ji. Littafin Farawa na Attaura ya ce an raɗa masa sunan ne saboda Allah ya ji kukan mahaifiyarsa Hajara. Wasu malaman tafsiri kuma suka ce Annabi Ibrahim (AS) ne ya daɗe yana roƙon Allah ya ji addu'arsa ta neman ɗa. A lissafin Attaura, shekarunsa 86 lokacin da aka haifi yaron.

Yana jariri mahaifinsa ya kai shi da Hajara kwarin Makka bisa umarnin Allah, wurin da babu shuka babu ruwa, ya bar musu ɗan dabino da salkar ruwa. Da ruwan ya ƙare, Hajara ta yi ta kai da komowa tsakanin Safa da Marwa har sau 7 ko za ta hango wani. Nan Zamzam ya ɓulɓulo. Yau duk alhaji sai ya taka wannan sawu nata, tafiyar da ta kai kusan kilomita 3.

Ruwan ne ya jawo ƙabilar Jurhum suka zauna a wurin. A cikinsu Isma'il ya tashi, ya koyi Larabci, ya yi aure, ya kuma shahara da harbin baka. Da ya fara tasawa sai babbar jarrabawa ta zo: mahaifinsa ya yi mafarkin yana yanka shi, yaron ya miƙa wuya, Allah ya fanshe shi da rago. Suratus Saffat ba ta ambaci sunan yaron ba, amma abin da ya shahara a wurin malaman Musulunci shi ne Isma'il ne, yayin da Yahudawa da Kiristoci ke cewa Is'haƙa ne. Daga nan muka gaji layyar da muke yi a Babbar Sallah.

Daga baya shi da mahaifinsa suka ɗaga ginin Ka'aba, yana miƙo duwatsu uban na ɗorawa. Lura da wani abu a nan: addu'ar da suka yi a kan ginin, a aya ta 127 ta Baƙara, da sunan Allah Mai ji aka rufe ta. Haka a aya ta 39 ta Suratu Ibrahim, inda uban ke godiya kan samun 'ya'yansa biyu a tsufa, ya siffanta Ubangijinsa da Mai jin addu'a. Ka ga ma'anar sunan na biye da shi duk inda labarinsa ya shiga.

Alƙur'ani ya ambace shi sau 12, Suratu Maryam ta yabe shi da cika alkawari da umartar iyalinsa da sallah da zakka. Attaura ta ce ya haifi 'ya'ya maza 12, ya rasu yana da shekara 137. Daga tsatsonsa Annabi Muhammad (SAW) ya fito, ta hanyar Adnan.

Me ya shafe mu? A yankin nan namu akwai uwayen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, goye da yara, ba su san inda za su kwana ba. Akwai matasan da suka gaji da rubuta kukansu a Facebook, har sun yanke ƙauna wani zai saurara. Labarin wannan Annabi bai ce a naɗe hannu ba fa. Hajara ta yarda Allah na ji, amma sai da ta yi gudu sau 7.

Mu Hausawa ma ai mun san suna da ma'ana: Kyauta, Gambo, Talatu, kowanne da dalilinsa. Haka Isuhu, wato Yusuf, ke nufin Allah ya ƙara, Zakari kuma Allah ya tuna. Don haka kafin ka lanƙwasa sunanka a TikTok don ya yi kama da na Turawa, fara tambayar abin da iyayenka suka roƙa maka ranar suna.