Herbert Biberman da Fim ɗin da Aka So Binnewa

An haifi Herbert Biberman a birnin Filadelfiya a 1900. Ya fara da wasan kwaikwayo na dandamali a Niyok kafin ya koma Hollywood, inda ya shirya finafinan da ba su yi wani tashe ba. Siyasa ce ta fito da sunansa. A 1947 kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar ’yan gurguzu ya kira shi, shi kuwa ya ƙi amsa tambayoyinsu. Yana cikin mutum goman da aka hukunta kan haka, ya yi zaman kurkuku a 1950. Da ya fito, duk kamfanonin fim sun rufe masa ƙofa, har da matarsa Gale Sondergaard, wadda ta taɓa cin kyautar Oscar.

Sai ya haɗa kai da Paul Jarrico da Michael Wilson, waɗanda su ma aka haramta musu aiki, suka nufi jihar New Mexico. A can masu haƙar tutiya, yawancinsu ’yan asalin Meziko, sun yi dogon yajin aiki kan kamfanin Empire Zinc, kuma da kotu ta hana mazan tsare ƙofar ma’aikata sai matansu suka karɓi aikin. Wannan ne labarin Salt of the Earth. Ƙwararrun ’yan wasa biyar kacal aka ɗauka. Sauran leburorin ne da iyalansu. Shugaban ƙungiyarsu, Juan Chacón, shi ya fito a matsayin jarumi, alhali bai taɓa wasan fim ba.

Ƙarancin kuɗi bai kai tsangwama ciwo ba. Ana cikin ɗauka a 1953 jami’an shige da fice suka kama jaruma Rosaura Revueltas aka mayar da ita Meziko, dole aka ƙarasa wasu sassan da wata a madadinta. Masu wanke fim suka ƙi taɓa shi, aka yi tacewa a ɓoye. Da ya fito a 1954, gidajen silima ’yan kaɗan ne suka yarda suka nuna shi.

Biberman ya shafe shekara goma sha biyar bai sake fitar da fim ba, sai Slaves a 1969, wanda bai kama ƙafar na farkon ba. Ya rasu a Niyok a 1971. A 1992 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sanya Salt of the Earth cikin finafinan da ƙasa za ta adana.