Fritz Zwicky, Mutumin da Ya Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

An haifi Fritz Zwicky ran 14 ga Fabrairu, 1898, a garin Varna na ƙasar Bulgeriya, inda mahaifinsa, mutumin Suwizalan, yake fatauci. Yana ɗan shekara 6 aka kai shi wurin kakanninsa a Suwizalan. Ya yi karatun lissafi da kimiyya a Zurik, ya sami digirin dakta a 1922. A 1925 ya ƙaura zuwa Amurka, ya kama aiki a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke Pasadena, inda sannu a hankali ya karkata ga ilmin falaki.

Domin a fahimci aikinsa, ya kamata a san cewa taurari ba a warwatse suke ba. Suna haɗuwa gungu-gungu, kowane gungu da miliyoyi ko biliyoyin taurari, su kuma gungunan sukan taru wuri guda kamar garke. Abin da ke riƙe su shi ne ƙarfin janyowa, wanda yake ƙaruwa gwargwadon nauyin abin da ke wurin. Misalinsa kamar majajjawa ne: iyakar saurin juyin dutsen, iyakar ƙarfin igiyar da za ta riƙe shi. Saboda haka wanda ya san saurin gungunan da faɗin garkensu, yana iya lissafa nauyin da ya hana su tarwatsewa.

Wannan dabara Zwicky ya bi a 1933, sa'ad da ya nazarci garken da ake kira Koma. Ya tarar bambancin gudun gungunan ya kai kilomita 1,000 a daƙiƙa guda, har ma ya ɗara. Da ya kwatanta nauyin da irin wannan gudu ke bukata da nauyin taurarin da ake iya gani, sai na farkon ya ninka na biyun wajen sau 400. Daga nan ya yanke cewa lalle akwai wani abu mai tarin yawa wanda ba ya ba da haske, ya kuma kira shi abu mai duhu. A 1937 ya kawo wata hanyar awo, watau duba yadda nauyin gungu yake lanƙwasa hasken da ya fito daga bayansa. Ba a ga irin wannan lanƙwasa ba sai a 1979.

Masana zamaninsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Wasu na ganin halinsa ya taimaka, domin mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya raga wa abokan aikinsa. Amma an ce gaskiya matakin nasara. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke gefen gungu suna kewayawa da saurin da nauyin da ake gani ba zai iya riƙewa ba. Adadinsa na 400 ya yi yawa, saboda ma'aunin nisan da ake aiki da shi a lokacin yana da kuskure, amma tushen maganarsa ya tabbata. A yau masana sun ƙiyasta cewa abu mai duhu ya ninka sauran abubuwa kamar sau 5, ko da yake har yanzu ana neman sanin ainihinsa.

Ban da wannan, shi da Walter Baade ne suka bayyana fashewar manyan taurari a 1934, kuma shi kansa ya gano irin wannan fashewa fiye da 120. Ya rasu a Pasadena ran 8 ga Fabrairu, 1974, aka binne shi a Mollis, ƙauyen kakanninsa, tun duniya ba ta gama yarda da abin da ya auna ba.