Lilias Trotter: Hannun da Ya Koma ga Zane a Bakin Hamada

Karatu: Matiyu 6:25-34

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wani abin da hannunka ya iya a dā wanda ka ajiye? Wataƙila kana yaro kai ne mai zana doki da gawayi a bangon zaure, har manya su tsaya kallo. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila ke ce gwanar zanen ƙwarya ko ɗinkin hula a unguwarku. Sai aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ga gona, ga kasuwa, ga hidimar ikkilisiya. Yau in an miƙa maka takarda da fensir sai ka zauna shiru, babu abin da ke zuwa. To, ga labarin wata mace da ta san wannan hali.

An haifi Isabella Lilias Trotter a birnin Landan ran 14 ga Yuli, 1853, a gidan masu hali. Mahaifinta dillalin hannun jari ne, ya rasu tana da shekara 12. A gida aka koyar da ita karatu. Zane kuwa, ba ta shiga makarantarsa ba, da kanta take yi da fentin ruwa don jin daɗinta.

A shekara ta 1876 ta tafi birnin Benis na Italiya tare da mahaifiyarta. Sai aka yi dace, a masaukinsu akwai John Ruskin, malamin zane a jami'ar Oksfod, mutumin da duk Ingila ke sauraron hukuncinsa a kan zane. In ya yaba wa mai zane, sunansa ya fita ke nan. Uwar ta yi ƙarfin hali ta aika masa da 'yan zane-zanen 'yarta, tana roƙo ya duba. Ruskin ya daɗe yana riƙe da ra'ayin cewa mace ba za ta iya zane na ƙwarai ba, don haka ba da son ransa ya karɓa ba. Da ya gani, ya sake tunani. Ya ɗauke ta almajira, yana gayyatarta gidansa da ke Brantwood. Koyarwarsa ita ce mutum ya daɗe yana duban ganye guda ko dutse guda har ya gan shi yadda yake, kafin ya sa hannu a takarda. Ka riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Amma zuciyar Lilias tana wani wuri kuma. Tun a 1875, lokacin da mai wa'azi D. L. Moody ya yi taron bishara a Landan, tana cikin masu ba sababbin tuba shawara. Tana hidima a ƙungiyar 'yan mata Kirista ta YWCA. Da dare takan fita ita kaɗai wajen tashar jirgin ƙasa ta Victoria, tana neman matan da talauci ya tura karuwanci, ta samar musu wurin kwana da sana'a. Ga 'yar manyan gida a wancan zamani, wannan ba ƙaramin abin magana ba ne.

A watan Mayu na 1879 Ruskin ya ajiye mata magana a fili. Ya nuna mata cewa za ta iya zama wadda ta fi kowa a masu zane na zamaninta, amma da sharaɗi: sai ta ba da kanta dungum ga zane, ta bar sauran. Tana da shekara 25. Kwanaki ta yi tana fama da addu'a, abin yana cin ta a rai, gama tana ƙaunar zane ƙwarai, kuma ta san mutumin ba zolayarta yake yi ba. A ƙarshe ta ga ba za ta iya miƙa kanta ga zane yadda yake nufi ba, ta kuma ci gaba da sa mulkin Allah a gaba. Ta ƙi.

Kada ka yi saurin yanke hukunci a nan. Ba ta ce zane zunubi ne ba, ba ta kuma ce kowane mai baiwa ya yi yadda ta yi ba. Abin da ta ajiye shi ne suna da sana'a. Amma gaskiya ita ce baiwar ta sha wuya. Shekarun da suka biyo baya ta yi su a cikin hayaƙi da hazon Landan, aiki dare da rana. Takan aika wa Ruskin ɗan abin da ta zana, shi kuwa ya yi ta ƙorafi a wasiƙunsa cewa launukanta suna dushewa saboda irin zaman da take yi. A 1884 aka yi mata tiyata, ta fito da ciwon zuciya wanda bai rabu da ita ba har mutuwarta.

A 1887 ta ji ana magana a kan Afirka ta Arewa a wani taro, ta tabbata can ake kiranta. Ta nemi shiga ƙungiyar North Africa Mission, aka ƙi ta saboda rashin lafiya. Sai ta tafi da kuɗin aljihunta. A watan Maris na 1888 ta sauka a Aljiyas, babban birnin Aljeriya, ƙasar nan da ke iyaka da Nijar ta arewa, tare da ƙawayenta biyu, Blanche Haworth da Lucy Lewis. Babu wadda ta iya Larabci a cikinsu, ba su kuma san kowa ba.

A nan ne abin da ake tsammani ya mutu ya sake tohowa. Ba ta je Aljeriya neman abin zanawa ba. Ta je koyon harshe, da shiga gidajen mata a tsohon gari, da koya wa yara karatu da ɗinki. Amma idon da aka koya wa dubawa ya sami abin duba. Da sassafe takan ɗauki Littafi Mai Tsarki ta tafi wani ɗan kurmi kusa da ganuwar birni, ta zauna shiru. Daga 1894 ta fara tafiye-tafiye kudu, zuwa Biskra, daga baya har Tugurt da Tozer ta ƙasar Tunisiya, wani wurin a kan raƙumi. Kai da ka san hamada, ka san yadda tudun rairayi ke sake launi tsakanin asuba da hantsi, da yadda inuwar dabino ke kwanciya da la'asar. Waɗannan ta shiga zanawa a ƙananan littattafan da ke shiga aljihu, wani zanen bai wuce girman kwalin ashana ba. Daga 1899 ta riƙa cika shafi guda kusan kowace rana, rubutu da zane tare, har kusan shekara 30.

Ka lura da bambancin. A dā tana zane a ƙarƙashin idon babban malami, ana auna ta. Yanzu babu mai gani, babu mai saye, babu mai ba ta maki. Kuma ba ta jira sai ta sami sarari ko manyan kayan aiki ba; ɗan akwatin fenti da buroshi sun ishe ta. A ganina wannan ne ya warkar da hannunta, fiye da sauyin ƙasa.

Abin da ta duba kuma ya riƙa yi mata magana. A 1907, tana damuwa cewa aikinta a warwatse yake, nan kaɗan can kaɗan, sai wata safiya ta tsaya kallon ƙudan zuma yana sauka a wannan fure ya tashi zuwa wancan, kamar ba shi da tsari. Ta tuna cewa duk furen da ya taɓa ya bar masa abin da zai sa ya yi 'ya'ya. Ta zana shi, ta sami ta'aziyya. Haka littafinta Parables of the Cross yake: tana zana yadda tsiro ke zubar da furensa kafin iri ya fito, tana koyar da mutuwa da tashi tare da Almasihu. Ta kuma yi ƙananan takardun bishara da Larabci masu hotuna kala-kala, irin waɗanda yaro zai so ya riƙe.

Kada in sa ka zaci kome ya tafi sumul. Hukumar Faransa mai mulkin ƙasar tana zargin Turawan Ingila, sau da dama ta hana su aiki. Waɗanda suka ba da gaskiya kaɗan ne, wasu suka koma da baya saboda tsanani. Ciwon zuciya yakan tilasta mata komawa Turai ta huta watanni. Ruskin ya rasu a 1900, suna ta musayar wasiƙa har kusan ƙarshen ransa. Blanche, abokiyar tafiyarta ta shekara 30, ta rasu a 1918. Duk da haka ƙungiyarsu, wadda aka sa wa suna Algiers Mission Band a 1907, ta kai ma'aikata 30 wajen shekara ta 1920.

Shekarunta uku na ƙarshe a kan gado ta yi su, a gidansu mai suna Dar Naama a unguwar El Biar. Tana kwance ta rubuta littafi domin Sufaye, waɗanda take girmama ƙishinsu na neman Allah. Tana kwance kuma ta shirya Between the Desert and the Sea, littafin da ta cika da zanen ƙasar da mutanenta. Ta rasu ran 27 ga Agusta, 1928, tana da shekara 75.

Zane-zanen ƙuruciyarta da Ruskin ya adana suna gidan tarihi na Ashmolean a Oksfod. Ƙungiyar da ta kafa kuwa, a 1964 ta haɗe da North Africa Mission, wato wadda ta ƙi ɗaukarta a 1887.