LUWIS BIREL (1809-1852): ƊAN BADUKUN DA YA BAI WA MAKAFI ALƘALAMI

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin harshe hanyoyin rubuta Hausa, nan take zai ce biyu ne, ajami da boko. Akwai ta uku wadda ba kasafai ake ambatonta a aji ba, wato rubutun makafi da ake karantawa da kan yatsa. Wannan rubutu sunan wanda ya ƙirƙiro shi ya ci, wani Bafaranshe mai suna Luwis Birel, wanda a harshensu ake rubuta sunansa Louis Braille. Na zaɓi in kawo tarihinsa ne domin gwagwarmayarsa ta shafi fagenmu kai tsaye. Abin da ya tsaya a kai shi ne, karanta wa makaho ya saurara bai wadatar ba, dole shi ma ya taɓa harafi da hannunsa, ya kuma iya rubuta shi.

Haihuwarsa da Makancewarsa

An haifi Birel ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray, kimanin kilomita 40 gabas da birnin Paris. A shekarar ce Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa Simon-René baduku ne, yana ɗinka sirdi da ragama da sauran kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya shiga rumfar mahaifin nasa, ya ɗauki abin huda fata yana kwaikwayon aikin manya, sai ya kuɓuce masa ya soke shi a ido. Ciwon ya ci wannan ido, ya kuma harbi ɗayan. Yana da shekara 5 ya makance baki ɗaya.

A Faransa ta wancan zamani, makomar yawancin makafi 'ya'yan talakawa ita ce bara, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayen Birel ba su yarda da haka ba. Limamin majami'ar ƙauyen, Jacques Palluy, ya fara koyar da shi, daga baya aka sa shi makarantar ƙauye tare da yara masu gani, yana ɗaukar darasi da kunne kawai. Hazaƙarsa ta sa aka samar masa gurbi a makarantar makafi ta Paris, ya shiga a watan Fabrairun 1819 yana ɗan shekara 10.

Karatunsa a Paris

Valentin Haüy ne ya kafa makarantar a 1785, kuma tana cikin na farko irinta a duniya. Haüy mai gani ne, saboda haka ya ɗauki haruffan boko da aka tsara domin ido, ya sa aka danne su a takarda mai kauri har suka taso, don yara su shafa. Sai an yi harafin ƙato kafin yatsa ya gane shi, littafi ɗaya ya zama kaya guda, littattafan kuma 'yan kaɗan ne. Kafin yaro ya shafa ya kai ƙarshen jimla, ya kusa manta farkonta. Babbar illar kuwa ita ce ɗalibi ba shi da hanyar yin rubutun da zai dawo ya karanta da kansa.

A 1821 aka shigo makarantar da wata dabara ta Charles Barbier, tsohon hafsan soja. Shi ya bar siffar harafi, ya koma ga ɗigo-ɗigo masu tudu, har guda 12 a gida ɗaya. Yaran sun yi murna, domin yatsa ya fi saurin jin ɗigo a kan lanƙwasar harafi. To amma tsarin da aka ba su sautukan Faransanci yake wakilta, bai kula da ƙa'idar rubutu ba, babu alamomin tsayawa, babu lambobi. Ga shi kuma gidan ya yi wa kan yatsa tsawo, sai an yi sama an yi ƙasa kafin a gane alama ɗaya.

Ɗigo Shida

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Birel yana ɗan shekara 12 ya duƙufa gyaran wannan tsari, zuwa 1824 yana da shekara 15 ya fito da ginshiƙin nasa. Ya rage ɗigon zuwa 6, uku a hagu uku a dama, daidai yadda kan yatsa zai rufe su a taɓawa ɗaya. Daga waɗannan ɗigo 6 ana samun alamomi 63 mabambanta.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne tsarin jerin. Haruffa 10 na farko, daga a zuwa j, da ɗigo huɗu na sama kawai ake yin su. Idan aka ƙara musu ɗigon ƙasa na hagu, sai su zama k zuwa t. Idan aka ƙara na ƙasa biyun, sai a sami u da waɗanda ke biye. Harafin w ne ya fita daga layi, domin Faransanci bai cika amfani da shi ba, sai daga baya aka ba shi gurbi. Lambobi kuwa ba a ƙirƙiro musu sabbin siffofi ba. Alama ɗaya ake sawa kafin a zuwa j, sai su koma 1 zuwa 0. Wajen rubutu da hannu, ana sa takarda cikin wani allo mai ramuka, a riƙa huda ta da tsinke daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, sannan a juya ta a karanta daga hagu zuwa dama.

Ya wallafa bayanin tsarin a 1829, har da yadda za a rubuta kiɗa da shi, ya kuma yaba wa Barbier a ciki. A 1837 ya fitar da bugu na biyu da ya gyara. Ya zama mataimakin malami a makarantar a 1828, cikakken malami a 1833, yana koyar da tarihi da lissafi. Gwani ne kuma wajen kaɗa molon majami'a mai bututu, ya yi wannan aiki a majami'un Paris.

Adawar da Ya Fuskanta

Shugaban makarantar, Alexandre Pignier, ya goyi bayan sabon rubutun. A 1840 aka kawar da shi, Pierre-Armand Dufau ya hau, ya hana amfani da ɗigon. Wannan ya zo daidai da lokacin da Modibbo Adama ke shirin tarewa a Yola, a 1841. Hujjar masu adawa ita ce rubutun da mai gani ba ya iya karantawa zai ware makafi daga jama'a. Ɗalibai dai suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye, saboda sun san abin da ya fi musu amfani.

Birel bai raina wannan hujja ba. Tun a 1839 ya fito da wata hanya ta zana haruffan boko da ɗigo, don makaho ya aika wa mai gani wasiƙa, kuma abokinsa Pierre Foucault, wanda shi ma makaho ne, ya ƙera na'urar yin hakan. Daga ƙarshe mataimakin Dufau, Joseph Guadet, ya shawo kan maigidansa. A bikin buɗe sabon ginin makarantar a 1844 aka gwada tsarin a gaban jama'a: aka yi wa ɗaliba shifta ta rubuta, aka kira wata da ba ta cikin ɗakin ta karanta daidai.

Rasuwarsa

Tarin fuka ya daɗe yana cin sa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan cikarsa shekara 43, a zamanin Lamiɗo Lawal a nan Adamawa. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa a makarantar da ya yi wa hidima. A 1878 wani taron ƙasashe a Paris ya zaɓe shi a kan sauran tsare-tsare. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa, aka bar ƙasusuwan hannayensa a Coupvray. Tun daga 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar haihuwarsa a matsayin ranar rubutun makafi ta duniya.

Gadonsa a Wurinmu

Ƙasar Hausa ta san makafi masana. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, da ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta masa. Irin wannan baiwa ba kowa ke da ita ba, rubutun Birel kuwa kowane yaro zai iya koya. A Arewa, mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, daga baya gwamnatoci suka kafa makarantun masu buƙata ta musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano da ta Jada a jiharmu. Hausa tana da nata tsarin ɗigon, mai gurabun ɓ da ɗ da ƙ. Larabci ma yana da nasa, har an buga Alƙur'ani da shi.

Yau makaho na amfani da kwamfuta da waya ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, irin su JAWS, da NVDA wadda Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara a 2006, kuma kyauta ake samunta. Wasu na ganin murya ta wadatar. A ganina wannan shi ne tsohon kuskuren masu gani ya dawo da sabuwar riga. Kunne ba zai gaya wa ɗalibi cewa ana haɗa yana, ana raba za ta ba. Ga wanda kuma ba ya gani ba ya ji, murya ba ta da amfani sam.

Maganin wannan shi ne na'urar ɗigo da ake jona wa kwamfuta ko waya. Tana da jerin gidaje, sau da yawa 40, kowane gida da 'yan ƙusoshi 8 masu tasowa su koma, suna nuna layin da ke kan allo. Manhajar kan duba wani jadawali ta mayar da kowane harafi ɗigo. NVDA tana dogara ne da tarin jadawalai mai suna Liblouis, wanda aka raɗa wa suna don tunawa da Birel. Idan jadawalin da aka zaɓa bai san ƙ ba, sai wasu lambobi su taso a madadin harafin, karatu ya tsinke. Idan kuma mai rubutu ne ya yi kasala ya bar ƙugiya, na'ura ba za ta raba baki da baƙi, ko kashi da ƙashi ba. Matsalar ta shafi Fulfulde ma, mai ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, wadda ake ji ko'ina a Yola da Jimeta. Ga kuma tsada, domin da yawa daga cikin na'urorin sun haura dala 1,000.

Kammalawa

Tsadar na'ura ta fi ƙarfin ɗalibi, amma akwai abin da ke hannunmu. Na farko, duk abin da za mu buga a kwamfuta mu sa masa ƙugiyarsa, mu raba kalmomi bisa ƙa'ida, mu kuma ajiye shi a matsayin rubutu, domin hoton shafi ba ya sauka a na'urar ɗigo sai an sake sarrafa shi. Na biyu, masu neman batun kundin digiri su duba wannan fage: yadda Hausa da Fulfulde ke fitowa a na'urar, da kalmomin da suka cancanci a taƙaita su. Jadawalan Liblouis a buɗe suke ga mai son gyara, kuma aikin na buƙatar masanin harshe kamar yadda yake buƙatar masanin kwamfuta. Sharaɗin kawai shi ne a yi shi tare da makafi masu karatu, su gwada da yatsunsu su yanke hukunci, domin tarihin Birel ya nuna cewa tsarin da ya ɗore shi ne wanda makaho ya tsara, 'yan'uwansa suka karɓa.