Sarkin Damagaram Tanimun Ɗan Sulaiman, Mai Ganuwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Zinder zai ga guntayen tsohon garu tsaye a tsakanin gidaje. Aikin Sarki Tanimun ke nan, Allah ya jiƙansa.

Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya fara hawa gadon a 1841, amma bayan shekara biyu ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe ta da goyon bayan Shehun Barno, domin a lokacin Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa. Sai a 1851 ya dawo, ya kuwa zauna daram har shekara 33.

Garin da ya tarar yana cika yana batsewa. Ayarin raƙuma na sauka daga Tarabulus da Ghat da Agadas, fatake na tasowa daga Kano, Buzaye da Larabawa sun yi masauki a Zango, can bayan birni. Taron jama'a irin wannan yana bukatar tsaro da shari'a da mai lura da kasuwa. Tanimun ya sa aka kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, aka yi mata ƙofofi da masu tsaronsu. Aikin gayya ne na dole, kuma talakawa da bayi ne suka kwaɓa ƙasar. Wannan ma yana cikin tarihin garun.

A fada yake zama da 'yan majalisarsa, su Ciroma da Galadima da Kaigama, alƙali kuma yana yanke hukunci. Da yake ya ɗanɗana rikicin 'yan'uwa, sai ya riƙa damƙa manyan ayyuka ga bayin sarki, waɗanda ba su da hakkin gadon sarauta. Baitulmali ya cika da kuɗin fito da ribar fatauci: jemammun fatu, gashin jimina, da kuma bayi, abin da ba a ɓoyewa. Ƙasashen gabas irin su Gidimuni, mai tafki da lambuna da dabino, suna cikin masu ciyar da kasuwannin birnin.

Da wannan dukiya ya sayo bindigogi daga arewa, ya tara maƙera suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin Zinder kanta. Mirriya da Muniyo da ƙasashen Sosebaki suka bi, Barno kuwa sai dai ta zuba ido.

Ya rasu a 1884. Ba da jimawa ba ɗansa Sulaiman ya hau gadon, daga baya Amadu Kuran Daga ya hau a 1893, wanda a zamaninsa Faransawa suka ci birnin a 1899. A gefen wannan ganuwa suka kafa barikinsu, Zinder ta zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai.